Gasar girki a talbijin da tukunyar da ba ta shiga gasa

A cikin shekaru talatin da suka wuce, gasar girke-girke ta zama ɗaya daga cikin shirye-shiryen da gidajen talbijin suka fi samun masu kallo da su a duniya.

Mutumin da babu wanda ya san shi jiya, ya kan wayi gari sunansa ya karaɗe kafofin yaɗa labarai, saboda kawai ya dafa wani abu da ya burge alƙalai biyu ko uku a gaban kyamara.

A Najeriya ma abin ya samu karɓuwa, musamman a Legas, inda manyan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye-shirye suke da hedkwata.

Yanzu kuma da wayar salula ta shiga ko'ina, gutsattsarin waɗannan gasanni na isa har garuruwan da wutar lantarki ba ta wadata ba, irin su Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, da ƙauyukan Tambuwal da ke maƙwabtaka da ita.

A irin waɗannan wurare babu gidan da ba a ɗora tukunya, kuma akwai matan da suka shafe shekaru arba'in suna ciyar da gida mai mutum ashirin ko talatin.

To sai dai idan aka dubi ƙa'idojin da gasar talbijin ke aiki da su, za a ga cewa kusan babu abin da suke aunawa daga cikin abin da waɗannan mata suka ƙware a kai.

Inda abin ya samo asali

Koyar da girki a talbijin ya girmi gasar da nisa. Tun a shekarar 1937 wani Bafaranshe mai suna Marcel Boulestin ya fara nuna yadda ake dafa abinci a gidan talbijin na BBC a London.

Gasa kuwa ta fara bunƙasa ne a hannun 'yan kasuwa. A 1949 kamfanin garin alkama na Pillsbury ya shirya gagarumar gasa a birnin New York na Amurka, inda matar da ta zo ta ɗaya ta tafi gida da dala dubu 50. Sharaɗin shiga shi ne a yi amfani da garin kamfanin.

Wannan sharaɗi, kamar yadda za a gani, bai tsufa ba har yau.

Salon da aka fi sani yanzu ya fito ne daga ƙasashe biyu. A 1990 aka fara shirin MasterChef a Birtaniya, wanda Franc Roddam ya ƙirƙiro domin mutanen da girki ba sana'arsu ba ce. An sake masa fasali a 2005, aka buɗe wani reshe na ƙwararrun kuku a 2008, sannan Australiya ta fara nata a 2009, wanda ya yi farin jini ƙwarai har a Indiya da ƙasashen Larabawa. An sayar da tsarin shirin ga ƙasashe fiye da 60, cikinsu har da Afirka ta Kudu da ta fara nata a 2012.

A Japan kuma gidan talbijin na Fuji ya fito da Iron Chef a 1993. A nan ƙwararru ne ke karawa da juna. Ana buɗe musu wani kayan girki guda da ba su san da shi ba sai a lokacin, a ba su sa'a ɗaya su sarrafa shi ta hanyoyi daban-daban.

Daga waɗannan biyun ne sauran suka ari agogon da ke bango, da kwandon da ba a san abin da ke cikinsa ba, da kuma sallamar mutum ɗaya a ƙarshen kowane mako.

Mai kallo ba ya ɗanɗanawa

Gasa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato da Kabi.

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana ɗora kifi a kan ma'auni ne kowa na gani. A dambe da kokawa, wanda ya kai ƙasa ya kai. A musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta assasa a 1986, duk wani mahaddaci da ke zaune a zauren na iya kama kuskuren da alƙalai suka kama.

Gasar girki a talbijin ta sha bamban da waɗannan duka, domin abin da ake takara a kansa, wato ɗanɗano, ba ya ratsa gilashin akwatin talbijin. Mai kallo ba ya jin ƙamshi, ba ya sa loma a baki. Abin da ya rage masa shi ne ya kalli farantin, ya kalli agogo, ya kalli fuskar alƙali.

Dole ce ta sa masu shirya irin wannan gasa suka ƙarfafa abubuwan da ido ke iya kamawa: launi, da yadda aka jera abinci a faranti, da gaggawa, da zufa, da hawayen wanda aka sallama. Abincin da ya fi kyan gani ya fi samun lokaci a gaban kyamara ko da bai fi daɗi ba.

Akwai ma wani abu da ba kowa ya sani ba. Kafin a gama ɗaukar hoton kowane faranti ta kusurwoyi daban-daban, a kuma jera 'yan takara ɗaya bayan ɗaya, abincin ya kan huce. Wasu daga cikin alƙalan shirin Australiya sun bayyana cewa su kan zagaya su ɗanɗana daga tukunya tun ana cikin girkin, kuma abin da ake nuna suna ci daga baya sau da yawa ya riga ya yi sanyi.

Duk wanda ya san bambancin tuwon da aka kwashe yanzu da wanda ya yi sa'a biyu a buɗe, ya san abin da hakan ke nufi ga miyar kuka.

Wa ke biyan kuɗin?

A Najeriya tarihin girki a talbijin ba ya rabuwa da tarihin dunƙulen ɗanɗanon miya.

Kamfanin Nestlé, mai yin Maggi, ya ɗauki shekaru yana ɗaukar nauyin shirin Maggi Family Menu a tashoshin NTA, tare da takwarorinsa a harsunan gida, irin su Sokoyokoto da Yarbanci da Girki Adon Mata da Hausa. Ya kuma shirya gasannin girki na ƙasa baki ɗaya, ciki har da wadda aka yi wa matasa da sunan Cook for Mama. Daga baya ya fito da shirin Maggi Diaries na watan azumi, wanda aka tsara musamman domin Musulmi.

Abokin hamayyarsa Unilever ya shigo da gasar Knorr Taste Quest a farkon shekarun 2010, bisa salon da aka saba gani a waje: tantancewa, da alƙalai ƙwararru, da sallama mako-mako, da kyautar kuɗi da mota ga zakara.

A ɓangaren Hausa zalla, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta yi suna da shirin Akushi Da Rufi. Shi wannan na koyarwa ne, ba na takara ba, amma ya nuna cewa akwai ɗimbin masu son ganin abincinsu da harshensu a talbijin.

Ba laifi ba ne kamfani ya tallata hajarsa, kuma ba don kuɗin waɗannan kamfanoni ba, da yawancin shirye-shiryen ba su wanzu ba. Amma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen taken da za a kaɗa. A gasar da kamfanin dunƙule ya shirya, ba a sa ran ganin ɗan takara ya gama miyarsa bai ɓare ko ƙwaya ɗaya ba.

Tallar ta yi tasiri matuƙa. Sunan Julius Maggi, ɗan ƙasar Switzerland da kamfaninsa ya fito da dunƙulen a 1908, ya zama kalmar Hausa. Kowane irin dunƙule magi ne, ko wane kamfani ya yi shi, har ma garin Ajinomoto ana ce masa farin magi. Kamfanin Nestlé da kansa ya ce yana sayar da dunƙule sama da miliyan 100 a kowace rana a yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Daddawa ba ta da mai ɗaukar nauyi

Kafin zuwan dunƙule, abin da ke ba miya armashi a ƙasar Hausa shi ne daddawa, kuma har yanzu ba a rabu da ita ba a karkara.

Aikinta ba na sa'a ɗaya ba ne. Ana dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, na tsawon yini ko kwana har ɓawon ya yi laushi. A surfa, a wanke, a tsince, a sake dafawa. Daga nan a zuba a mazubi a lulluɓe da ganye da tsumma, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so. Sannan a kirɓa, a mulmula ko a faɗaɗa, a shanya.

A ƙasar Sakkwato da Zamfara da kuma ƙetaren iyaka a Nijar, akwai daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, ko sure kamar yadda Sakkwatawa ke cewa. Ƙarfin warinta na korar baƙo, amma wanda ya tashi da ita ba ya jin miya ta cika in babu ita.

Sanin lokacin da kalwa ta yi, da hanci da tafin hannu ake yin sa, kuma kuskuren rabin yini na iya ɓata aikin kwana huɗu. Sana'a ce ta mata, musamman dattawa, wadda da yawa ke samun kuɗin sabulu da na hidimar biki da ita.

Masana abinci mai gina jiki sun daɗe da tabbatar da cewa daddawa na ƙunshe da sinadarin gina jiki mai yawa, abin da ke da muhimmanci a gidan da nama ba ya shiga tukunya kullum. Dunƙule kuwa kusan rabin nauyinsa, ko ma fiye, gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana.

A ɗaya ɓangaren, kamfanonin na nuni da cewa suna amfani da gishiri mai aidin, kuma Nestlé ya fara ƙara wa dunƙulensa sinadarin ƙara jini tun 2012, a yankin da ƙarancin jini ya addabi mata da yara. Ga kuma sauƙi: yaro zai iya sayo shi a kowane teburi da 'yan canji.

An ma taɓa ƙoƙarin haɗa biyun, lokacin da kamfanin Cadbury ya fito da dunƙule mai suna Dadawa a shekarun 1990.

Gaskiyar magana ita ce mafi yawan tukwane a yau suna ɗauke da duka biyun. Bambancin kawai shi ne ɗaya na da shiri a talbijin, ɗaya kuma ba ta da shi, kuma yarinyar da ke koyon girki daga waya ɗaya kawai za ta riƙa gani.

Girkin da agogo ba ya aunawa

A gasar talbijin, ɗan takara na tarar da komai a shirye: murhun gas, da famfo, da firji, da nama yankakke, da gari a leda. Aikinsa na farawa ne daga inda mafi yawan aikin matar karkara ya riga ya ƙare.

A gari irin Fakku, inda gero da dawa su ne ginshiƙin abinci, tuwon dare na farawa ne tun da hantsi. A fitar da dami daga rumbu, a sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a kai niƙa ko a daka, a tankaɗe. Ruwa kuma sai an ɗebo, itace ko kara sai an tanada.

Sannan a zo ga wuta. Murhun duwatsu uku ba shi da maɓallin ragewa ko ƙarawa. Da zaro itace da tura shi ake daidaita zafi, kuma ɗanyen itace a damina wata jarrabawa ce ta daban, wadda ido ke biyan kuɗinta.

Tuƙin tuwo kansa aiki ne na ƙarfi da na lissafi a lokaci guda. Idan talge bai nuna ba aka zuba gari, tuwon zai yi ɗanye-ɗanye, ya kuma saki kafin safiya. Idan aka yi sakaci da muciya, sai gudaji. Tukunyar mutum talatin kuwa ba kowace mace ke iya juya ta ba.

Babu cokalin awo, babu sikeli. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Bayan haka sai rabo, wanda shi ma ilmi ne. Akushin maigida daban, na samari daban, na yara daban, na tsohuwar da ke maƙwabtaka daban. A bar na almajiri, a bar na baƙon da ka iya sallama bayan isha'i, a kuma bar na ɗumame. Macen da tukunyarta ta ƙare kafin kowa ya samu, ko miyarta ta ƙare ta bar tuwo, ta fāɗi jarrabawar ko da kuwa abincin ya fi zuma daɗi.

Wannan shi ne babban abin da ya raba ma'aunin biyu. Talbijin na tambayar abin da mutum zai iya yi idan an ba shi komai amma an hana shi lokaci. Gidan karkara kuwa na tambayar abin da mace za ta iya yi idan tana da yini guda amma kayan miyan ba su taka kara sun karya ba.

Tambaya ta biyun ta ƙara tsanani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A irin wannan yanayi, iya mayar da busasshiyar kuɓewa da ɗan ƙullin daddawa da kan kifi guda su zama miyar da gida zai ci ya lashe hannu, ƙwarewa ce da ta fi jera ganye a gefen faranti amfani.

Kuma ba a rasa alƙalai ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, inda girki ke zagayawa kwana bibbiyu, kowace ta san ana kwatanta hannunta da na abokiyar zamanta. Amarya ma ranar da ta fara shiga girki, dangin miji na zuba ido. Ba a sanar da sakamako, amma kwanon da ya dawo da saura ya riga ya yi magana.

Harshen alƙali

Ko da an kawo tuwo da miyar sure gaban kyamara, sauran magana na ga wanda zai ɗanɗana.

A 2018 an sallami wata 'yar asalin Malaysia mai suna Zaleha Kadir Olpin daga MasterChef na Birtaniya, bayan da ta gabatar da kaza da aka dafa da wani salo na ƙasarsu da ake kira rendang. Ɗaya daga cikin alƙalan ya koka cewa fatar kazar ba ta yi ƙaras-ƙaras ba.

Matsalar ita ce rendang dahuwa ce ta dogon lokaci a cikin madarar kwakwa, har nama ya yi laushi. Ba a taɓa nufin ya yi ƙaras-ƙaras ba. Tamkar a ce farfesu bai soyu ba ne.

Jama'a sun harzuƙa a Malaysia da Indonesiya da Singapore. Firayim ministan Malaysia na lokacin, Najib Razak, da babban abokin hamayyarsa Mahathir Mohamad, waɗanda ke shirin karawa a zaɓe, sun samu kansu a sahu ɗaya wajen sukar hukuncin.

Abincin Hausa na cikin irin wannan haɗari. Yauƙin kuka da kuɓewa, da tsamin fura, da ɗan bauri na kanwa, da warin daddawa, duk abubuwa ne da aka nufa, ba kurakurai ba. Alƙalin da ya yi karatun girki bisa tsarin Faransa, ko wanda harshensa ya saba da miyar kudu, na iya ɗaukar abin yabo a matsayin aibi. Sakamakon haka, ɗan takara mai wayo zai guje wa abincin gidansu, ya dafa abin da ya san alƙali ya sani.

Wane ne ƙwararre?

Gasannin waje sun raba mutane gida biyu: masu girki don sha'awa, da ƙwararrun da suka yi makaranta suke aiki a otal. Akwai ma gasar ƙwararru zalla kamar Bocuse d'Or, wadda ake yi a birnin Lyon na Faransa duk bayan shekara biyu tun 1987.

Wannan rabo bai zauna daidai a ƙasar Hausa ba.

Matar da ke soya ƙosai ko masa a cikin gida, ko mai ɗanwake, ko mai fura, ko mai hoce, da girki take cin abinci, kuma kasuwa na yi mata hukunci kowace safiya. Ba ta da takardar shaida ko ɗaya.

Haka ma maza. Duk da cewa girkin gida na mata ne, sarrafa nama sana'ar maza ce mai tsari da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Fawa, kuma ana gadonta. Tsire da balangu sun bi Hausawa har Legas da Accra da Yaounde da Khartoum. Kilishi kuwa, wanda yankan namansa kaɗai sai an yi shekaru ana koyo, ya kai matsayin da Nijar ta yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, a matsayin hajar da ke da alaƙa da ƙasarta.

Ba za a iya yin kilishi a cikin minti sittin ba, tunda rana ce ke rabin aikin.

Akwai kuma batun wanda zai iya fitowa. Matar aure a Kebbe ko Dogon Daji ba za ta bar gida ta tafi Legas ta yi makonni ana ɗaukar ta a kyamara ba, kuma galibin gasannin da Turanci ake gudanar da su. A gasannin Turai ana iya tarar da naman alade ko giya a cikin kayan da aka ba ɗan takara.

Duk da haka Musulmi mata sun shiga sun kuma yi fice. Nadiya Hussain, 'yar asalin Bangladesh da aka haifa a Luton, ta lashe gasar gashin biredi da kek ta Birtaniya a 2015 sanye da ɗankwalinta, a gaban masu kallo fiye da miliyan 13. Shekara guda bayan haka ita ce ta yi kek ɗin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 90. A 2017 kuma wata likita 'yar asalin Pakistan, Saliha Mahmood-Ahmed, ta zama zakarar MasterChef da girke-girken da suka samo tushe daga gidansu.

Nasarar waɗannan mata ta ƙarfafa gwiwar 'yan mata da dama, kuma a biranen Kano da Kaduna da Abuja an samu matasan da suka mayar da girki sana'a ta zamani, suna koyarwa suna kuma karɓar aikin biki ta Instagram da WhatsApp. Wannan ma wata riba ce da ba za a raina ba: aikin da aka saba ɗauka a matsayin wajibin da ba a biya, ya fara zama abin da ake sa wa farashi.

Gasar juriya

Abin da ya fi jan hankalin 'yan Najeriya a 'yan shekarun nan ba gasar ɗanɗano ba ce ma.

A watan Mayun 2023 Hilda Baci, wadda ta taɓa lashe wata karawar dafa-duka tsakanin Najeriya da Ghana a 2021, ta tsaya gaban murhu a unguwar Lekki ta Legas har tsawon sa'o'i 100, ana nuna ta kai tsaye, dubban mutane na tururuwa suna cin abin da ta dafa. Kundin bajinta na Guinness ya zabtare kusan sa'o'i bakwai saboda kuskuren da aka yi wajen lissafin hutu, ya amince mata da sa'o'i 93 da minti 11. Hakan ya ishe ta doke Lata Tondon ta Indiya, wadda ta yi sa'o'i 87 da minti 45 a 2019.

Kambin bai daɗe a hannunta ba. Kafin ƙarshen shekarar wani ɗan ƙasar Ireland mazaunin Japan, Alan Fisher, ya yi sa'o'i 119 da minti 57.

A watan Janairun 2024 Failatu Abdul-Razak ta shafe sa'o'i 227 tana girki a Tamale da ke arewacin Ghana, amma Guinness bai amince da yunƙurin ba, bisa dalilin karya ƙa'idar hutu.

Hilda Baci ta sake komawa kundin a watan Satumban 2025, da tukunyar dafa-dukan shinkafa mai nauyin kilo 8,780, wadda aka raba wa jama'ar da suka halarta.

Abin lura shi ne wannan salo, na daɗewa a gaban wuta da ciyar da taro, ya fi kusa da abin da matan karkara suka sani fiye da faranti guda mai ado. A ranar suna ko ɗaurin aure a ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, matan unguwa kan haɗu tun daren jajibiri, wasu na surfe, wasu na gyaran kayan miya, a jera manyan tukwane a bayan gida. Akan samu dattijuwa guda da ake kira takanas domin ta tsaya a kan tukunyar miya, ita ke cewa a ƙara gishiri ko a janye wuta, kuma sai ta ɗanɗana ta gyaɗa kai sannan ake fara zubawa.